Ƙofar Guga

Da an sallame asuba nake ɗaura takalmi,
in bar Rafindaɗi tana hamma,
in kama gefen kwalta, hannun hagu kullum,
inda titi ya ɗan karkata don ruwan sama ya gangara.
Shekara uku ke nan ban sake hannu ba.

Saura wata biyu gasar jiha
na ce da kaina: Tukur, ƙara.
Zagaye biyar ya koma tara,
Juma'ar da nake hutu ita ma na haɗa da ita.
Koci Barau ya ce, "Bi a sannu."
Na ji shi da kunnen da nake jin mai tallan magani a tasha.

Ciwon nan yana da agogo.
Ba ya tare ni a ƙofar gida.
Kilomita ɗaya lafiya, biyu lafiya, uku har da fito,
sai na hango Ƙofar Guga,
can yake tsugune yana jirana kamar mai bin bashi.
Gefen gwiwar hagu, ta waje,
ɗan wurin da babban yatsa zai rufe,
amma kamar an gasa basilla an ɗora.
In na tsaya ya yi ɗif.
In na taka ya dawo ko sallama babu.

Matakalar Karkanda, hawa ba komai,
sauka ce sai na dafa bango kamar kakata.

Na je wa maɗori.
Ya laluba, ya matsa, ya murɗa,
ya ce, "Ba karaya, ba targaɗe, ba gocewa.
Yaro, ko dai gasar ce ke ba ka tsoro?"
Inna ta shafa man kaɗanya ta tofa addu'a.
Ciwon da bai kumbura ba, bai yi jini ba,
wa zai tsaya maka shaida a kansa?

Malama Hindatu ta sashen gashi ce ta kama ɓarawon.
Ta ce in kwanta ta gefe,
ta bi da yatsa daga ƙugu, ta bi cinya, ta sauko,
ta danna wurin, na kira sunan Allah.
Ta ce, "Akwai wata jijiya mai faɗi a nan,
a miƙe take kamar tsirkiya.
Ka taɓa duba itacen bakin rijiya?
Igiya ba ta da haƙori,
amma je ka ga kwarin da ta yi masa.
Kai ba faɗuwa ka yi ba.
Sawu ɗaya ka maimaita sau dubu dubu,
kan titi mai gangare, da takalmin da ya cinye ta gefe.
Gwiwa ce ke kuka, amma ƙugunka ne ya yi sakaci."

Na ce, allura fa? Ƙwaya fa?
Ta ce, "Ƙanƙara a tsumma. Mako shida ba gudu."
Da ta ce a yanke ƙafar da ya fi mini sauƙin ji.

Yanzu ga ni kan tabarma a tsakar gida,
ina ɗaga ƙafa ɗaya sama kamar zakaran da ya taka garwashi,
ƙanwata Bilki na ƙirga talatin,
tana satar biyar don ta ga ko zan lura.
Ta bayan katanga ina jin sawun Mannir ya wuce,
na san takunsa, diddige yake fara sawa.

An yi gasa. Ya zo na uku.
Na tafa masa har tafina ya yi ja,
dare ya yi na juya fuska bango.

Jiya Malama ta ce in gwada minti goma, ban da gangare.
Na sayi sabon takalmi da kuɗin da na tara don waya.
Na fita da duhu-duhu, ina sauraron gwiwata
kamar mai goyon jinjiri mai zazzaɓi.
Minti goma ya cika tun ban kai ko'ina ba.
Ƙofar Guga na can gaba, fitilarta na ci.
Na tsaya. Na duba hagu, na duba dama,
na tsallaka ɗaya hannun,
na tako gida a ƙasa.